Yadda ake zaɓen jakar sandar biyar mai ƙarko, wadda za ta jure kabu-kabu da zafin Yamai

Sandata ta farko ta wasan biyar, wasan nan da ake buga ƙwallaye da sanda bisa tebur, a hanyar Tahoua ta mutu. Ba karyewa ta yi ba, da ma karyewar ce da na san na yi asara na haƙura. Na sa ta cikin wata jaka ta yadi mai laushi irin wadda ake ba ka kyauta in ka sayi sanda, yaran mota suka tura ta ɗakin kaya na ƙasa, aka bi ta da buhun shinkafa da akwatin wata hajiya, muka kama hanya, Doso, Dogondutsi, Ƙonni, sama da kilomita 500 cikin watan Afrilu. Da na isa na buɗe lafiya lau a ido. Sai da dare na ɗora ta bisa tebur na mirgina, bakinta ya riƙa ɗagawa yana sauka kamar gurguwar akuya. Shikenan. Tun ranar na daina kallon jaka a matsayin ado, kuma abin da na koya daga baya shi zan zuba nan don ƙannena da suka fara sayen sandar kansu suna barin ta gidan wasa.

Kafin komi ka san irin sandar da ke hannunka. Nan ne mutane suka fi faɗawa, mutum ya ga hoton jaka a WhatsApp ta burge shi ya tura kuɗi, kaya su zo sanda ta ƙi shiga. Sandar biyar irin ta Amurka tsawonta inci 58 ne galibi, wato wajen santimita 147, tana rabuwa biyu a tsakiya, kowane rabi ya kama santimita 74 ko kusa da haka. Akwai gindi, mai kauri, wanda kake riƙewa, akwai kuma gaba, siririn da ke ɗauke da fatar baki, ƴar fatar nan da ke taɓa ƙwallo. Ta sunuka, ɗan'uwan biyar da ake yi bisa babban tebur, da ta biyar irin ta Ingila kuwa da yawansu ba a tsakiya suke rabuwa ba, mahaɗin yana can ƙasa kusa da hannu, sai gaban ya yi tsawo ya wuce mita ɗaya, gindin ya zama ɗan guntu. Jakar waccan ba ta ɗaukar wannan ko da za ka yi kuka. Sannan ga mai guda ɗaya wadda ba ta rabuwa sam, ita kam jakarta doguwa ce kusan mita ɗaya da rabi, kuma gaskiya in a babur kake yawo ban ba ka shawarar yawo da ita ba, ka bar ta gida.

To ka ari awon tela, ka kwance sandar ka auna kowane ɓangare daban, ka rubuta a waya. In kana sa ƴan murafun nan da ake ɗaurawa a mahaɗi don kare ƙusar da ke haɗa gindi da gaba, ka auna tare da su, don suna ƙara santimita 2 zuwa 3, kuma wannan ɗan ƙarin shi ke hana murfin jaka rufuwa. Ka auna kaurin gindi ma, wajen da ya fi kauri yakan kai santimita 3 da ɗan wani abu. Abin da kake nema shi ne tsawon cikin jakar ba na wajenta ba. Mai sayarwa zai ce maka santimita 80 ce, eh 80 ce daga waje, amma soso na ƙasa da na murfi sun cinye wani abu. Ka ce mashi, maigida don Allah zura awo ciki ka ɗauko mini hoto. In ya fara kwana-kwana ka wuce gaba.

Na biyu, lambobin da ake rubutawa. Za ka ga 1x1, 2x2, 2x4, 3x5, har 4x8. Lambar farko yawan gindi ce, ta biyu yawan gaba. Wato 2x4 na ɗaukar gindi biyu da gaba huɗu. Yaro mai sanda guda 1x1 ta ishe shi, amma ni da za a tambaye ni 2x2 zan ce, saboda duk wanda ya daɗe a wasan nan wata rana zai sayi sanda ta biyu ta fasa ƙwallaye, wato bugun farko mai ƙarfi da ke watsa su, don fasawa da sandar wasa na baje fatar baki da wuri. Ita 4x8 kam ta masu yawon gasa ce, in ka cika ta nauyi gare ta, ka rataya daga Wadata zuwa Harobanda sai kafaɗa ta gaya maka. Kar ka sayi ramukan da ba ka da abin zubawa ciki don a ce kai ma ka iso.

Yanzu ga inda maganar take, mai laushi ko mai tauri.

Mai laushi ba ta da laifi in aikinta kawai ta hana ƙura da ƙarzuwa, misali kana da mota, daga gida sai wajen wasa, ka ɗora a kujerar baya. Ba ta da nauyi, ba ta da tsada. Amma ba ta hana sanda lanƙwashewa in an danne, ba ta kare ta in babur ya zame da kai cikin yashi, kuma mu nan wa ya isa ya ce ba ya hawa kabu-kabu ko taksin da ake cusa mutum huɗu a baya? Don haka ga mai zama Yamai ko Tahoua maganar mai laushi na ajiye ta gefe.

Masu tauri iri biyu ne da na sani sosai. Akwai ta bututu, wadda kake buɗewa daga sama ka zura kowane ɓangare cikin raminshi. Akwai ta akwati, mai buɗewa kamar akwatin biki, ana kwantar da sandar cikin kwari, ita ce masu sunuka suka fi so, wasu na alminiyom wasu na katako an lulluɓe da fata ko roba. Akwai kuma wata tsaka-tsaki mai buɗewa biyu kamar littafi da zif kewaye, tana da kyaun gani da aljifai da yawa, sai dai ƙarfinta ya dogara da abin da aka sa cikin bangonta, wasu kwali ne kawai. Ni ta bututu na zaɓa saboda rataye ta nake a baya, kuma abu mai zagaye ya fi jure danniya bisa mai faɗi. Ta akwati tana da nata amfanin, kana ganin cikinta duka, kana iya sharewa, abin da ba ka iya yi da bututu cikin sauƙi. Amma rauninta makullai da ƴan ƙarafan da murfi ke juyawa a kansu, su ke fara mutuwa, kuma ta alminiyom in ta sha rana sai ka kasa taɓa ta da hannu.

In jakar tana gabanka, kar ka ji kunyar gwada ta. Kuɗinka ne. Ka je da sandarka, wannan dole ne.

Ka fara da matsawa. Kama tsakiyar jakar da hannu biyu ka matse da ƙarfi, ka ɗan dafa da gwiwa. In ka ji ta shige ciki ko ta yi ƙarar kwali, to kwali ne aka yi wa kwalliya, damina ɗaya ta ishe shi. Mai kyau ba ta motsi. Ka taɓa gindinta kuma, don nan ne take dukan ƙasa kullum in ka ajiye, ya kamata a ce akwai tauri daga waje, daga ciki kuma soso mai kauri. Yadda za ka gane, ka zura gindin sanda ka sake shi a hankali daga ɗan sama, in ka ji ƙwas to babu komi a ƙasan, in ka ji ya sauka shiru to akwai.

Sai girgizawa. Zuba sandar ka rufe, ka kai kusa da kunne ka girgiza. Ba a son a ji komi. Wannan ƙwal-ƙwal ɗin da kake ji kaɗan a shago, ka tuna hanyar laterit da ramukan unguwa, haka za ta yi ta yi kullum har fentin gindi ya dushe, gaban ya samu ƴan tabo da za ka riƙa ji a yatsa lokacin bugu. Amma kuma kar ta matse har sai ka ja da ƙarfi kafin ta fito, wannan ma cuta ce, musamman da damina da itace ke ɗan kumbura. Daidai shi ne ta shiga da ɗan turawa, ta fito da yatsa biyu. Bayan nan ka juya jakar kai ƙasa tana rufe, hannunka ɗaya a tare ƙarƙashin murfin, ka gani ko murfin zai riƙe. Na taɓa ganin wani ya sunkuya ɗaure takalmi da jaka a baya, murfi ya buɗe, gaban sanda ya sulluɓo ya daki siminti da baki. Duk fadar aka yi shiru.

Cikin ramin fa? Ido ba ya kaiwa, to ka kunna tocilan waya ka leƙa. Kana son shafi mai laushi tun daga sama har ƙasa, karan-miski ko wani yadi mai kama da shi, ba wanda aka liƙa a baki kawai don a ruɗi mai saye ba. Wata dabara da na koya wajen wani dattijo, ka naɗa auduga a kan siririn kara ka zura ka juya ka fito da ita. In auduga ta kama wani abu ta yage, akwai busasshen gam ko bakin ƙusa a ciki, kuma abin da ya yagi auduga zai karci sanda. In ta fito da launi, shafin yana zuba, zai rina maka farin itacen gaba. Ka kuma tabbatar kowane ɓangare da raminshi daban, gindi da gaba ba sa haɗuwa, don ƙusar mahaɗi ƙarfe ce, in ta samu itace ba ta tausaya mashi.

Sannan ka shinshina. Ba wasa nake ba. Warin gam mai hawa kai ko warin fumfuna duk alamu ne, na farko an yi aikin gaggawa da gam mai arha wanda zai saki in ya ji zafi, na biyu jakar ta sha ruwa a wani sito.

Zif da maratayi su ne suka fi saurin kashe jaka, alhali bututun na nan garau. Zif mai manyan haƙora ka nema, ƙananan haƙora ƙurar hunturu na cika su su ƙi tafiya, ka ja da ƙarfi ya ɓalle. In an rubuta YKK a kan ɗan marikin to alama ce mai kyau, ko da yake shi ma ana yin jabunshi, don haka ka ja shi sau goma ka ji da hannunka. Maratayi kuma ka duba inda ya haɗu da jikin jaka. Ɗinki layi guda ba ya ɗaukar nauyi, a samu ɗinki mai murabba'i da gicciye a ciki, ko a haɗa da ƙusa. Ƙugiyoyin su zama ƙarfe, na roba rana na gasa su su tsage ba sallama. In a babur za ka riƙa yawo ka nemi mai maratayi biyu irin na jakar ƴan lakkol, ta zauna tsaye a bayanka. Mai maratayi guda tana karkacewa ta fito gefe, a cunkoson bakin Babbar Kasuwa wata mota ko amalanke ta kama ta, Allah ya kiyaye, ba sandar kaɗai za ta tafi ba.

Fatar waje ita ce mutane suka fi kallo, ni kuwa ita na fi rainawa. Fatar roba mai sheƙi tana kyau wata shida, daga nan ta fara ɓarewa kamar fatar maciji, zafinmu ba ya ƙyale ta. Yadin nailan mai kauri ba ya burge kowa amma yana daɗewa. Fata ta gaske ta fi duka in ka samu kuma kana shafa mata mai da hunturu. Launi ma ka yi tunani, baƙa ta fi zuƙar rana. Manyan sunaye irin Predator da Instroke da JB Cases, ko Peradon ga masu sunuka, suna da kaya masu kyau, amma sunan da aka buga a jiki ba hujja ba ce, ana buga shi a kan kwali ma. Gwajin da na faɗa a sama shi ne hujja.

Aljihu guda biyu sun wadatar, ƙarami na alli da abin gyaran baki, dogo na tsumma da safar hannu ko abin ƙara tsawo. Abin lura kawai, alli kar ya kwana rami ɗaya da sanda. Allin biyar irin Master ko Triangle yana da kaushi, da gangan aka yi shi haka don fata ta kama ƙwallo, to garinshi in ya taru cikin shafi ya zama kamar yashi, duk shiga da fita yana goge itace yana mai da shi shuɗi. Kafin ka mayar da sanda ka share bakinta da tsumma. Sakan biyar ne.

To in babu a kasuwa fa, ko kuɗin ya fi ƙarfinka? Don gaskiya ba kaya ba ne da za ka samu ko'ina a Yamai, yawanci sai an yi saƙo daga waje, kuma saƙo ba ka iya matsa shi da gwiwa kafin ka biya. Ni tawa ta yanzu yi mini aka yi, kuma ita ce ta fi daɗewa.

Na je kantin kayan famfo da sandata a hannu na gwada tiyon PVC. Na 40 ya ɗauki gindi, na 32 ya ɗauki gaba, amma kar ka dogara da lambata, ka zura taka ka gani, ka bar wurin shafi, in gindinka mai kauri ne ka hau na 50. Ka ɗauki mai kaurin bango, siririn yana yin laushi ya karkace in ya daɗe cikin rana. Aka yanka mini kowanne da ƙarin santimita 4 bisa tsawon ɓangaren da zai shiga cikinshi, na goge bakunan da takardar yashi har suka yi sumul, na toshe ƙasa da murfin tiyo bayan na cusa soso. Tela ya ɗinka mini dogayen safa na yadi mai laushi, aka zura ciki aka naɗo bakin waje aka liƙe, ka ga gam bai shiga ciki ba ke nan. Daga nan na kai wa wani baduku, tsoho, cikin masu aikin fata na Wadata.

Ya juya tiyon nan ya kalle ni ya ce, ɗana, bindiga za ka sa ciki?

Na ce a'a Baba, sandar wasa ce.

Ya ce sanda kuma har da gidanta, to ai kube ne kake so, ka ce kube mana.

Wallahi da ya faɗi haka sai na ga ya fi ni fahimtar aikin, don mutanen da suka gaji ɗinka kuben takobi ba a koya masu yadda ake rufe dogon abu. Ya haɗa tiyon biyu ya naɗe da fata, ya yi murfi mai zurfi da maɗauri na ƙarfe maimakon zif, ya ninka fatar ƙasa sau biyu. Abu ɗaya na roƙe shi, kar rinin fatar ya taɓa ciki, kuma a bar ta ta bushe sarai ta sha iska kwana da kwanaki kafin in sa sanda, don sabuwar fata tana da danshi da wari. In a Tahoua kake ma ba ka da matsala, dukawan Adar sun san fata. Ka dai je da tiyonka a shirye, kar ka bar wa baduku zaɓen ciki, shi gwanin waje ne.

Saura zafi, wanda ba jakar da ta gama maganinshi. Gaban sandar Amurka yawanci itacen mapul ne, na sunuka kuma ash, itatuwan ƙasashen sanyi, an kawo su inda Afrilu da Mayu ake wuce digiri 40 a inuwa, hunturu ya busar da su ƙayau, damina ta zo ta jiƙa iska. Itace na shan danshi yana saki, in ya yi hakan da sauri ko gefe guda ya fi wani sai ya kantare. Jaka mai kyau tana rage saurin ne kawai. In ka bar ta cikin mota a rufe da tsakar rana, inda zafi ke iya haura digiri 60, ko ta miliyan ce gam ɗin fatar baki zai saki. Gaban kabon, wanda ba na itace ba ne, da ya yaɗu tun da kamfanin Predator ya fito da nashi mai suna Revo a 2016, shi bai damu da wannan ba sosai, amma gindin da ke tare da shi galibi itace ne har yanzu, kuma tsadarshi kaɗai ta isa ta sa ka nemi jaka mai tauri.

Da damina ina jefa ƴan ƙunshin nan na silika masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi guda biyu a aljihun jaka, da hunturu in cire, don lokacin bushewar ta riga ta yi yawa. In ruwa ya dake ka a hanya, da ka isa ka fito da sandar ka goge, ka bar jakar a buɗe cikin inuwa har ta bushe, kar ka shanya ta a rana. A ɗaki kuma tsaye nake ajiye ta, nesa da taga da bangon da rana ke duka da yamma, ba kuma a ƙasa kai tsaye ba in ɗakin na da gara, ƙusa na buga na rataye. In ka dawo daga waje da jaka da zafi ka shiga wuri mai kilim, ka ba ta ƴan mintoci kafin ka buɗe.

Tafiya kuwa, yanzu in zan je Tahoua ba na ba yaran mota ita. Ina shiga da ita in tsayar tsakanin ƙafafuna, ba ta tare wa kowa wuri. Wani lokaci a tasha sai an ce in buɗe a gani, saboda siffarta, in buɗe ba gardama, shi ya sa ma murfi mai saurin buɗewa ya fi wanda ke da kwaɗo. Jirgi ne ba a cika bari ka shiga da sanda a hannu ba, sai cikin kayan awo, to nan ka sa jakar cikin babban akwati a gicciye ka kewaye ta da tufafi, in ba ta shiga ba ka naɗe ta da kwali da salatif ka cire maratayin kar ya maƙale a bel.

Duk wata biyu ko uku ina juye tawa kai ƙasa in bubbuga, garin alli da yashi su zubo, in bi da kara mai tsumma. Sai in mirgina gaban bisa tebur in duba bakin.